Yadda Ake Yabon Ingila Har A Sami Kofi Mai Ɓantararren Baki

Kai baƙo, matso kusa. Idan ka bi matakan nan guda bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawari cikin sati uku babu gidan da za a rufe maka ƙofa a ƙauyen Ingila. Tsofaffi za su riƙa ɗaga maka hannu ta taga, karnuka za su daina yi maka haushi. Hanyar nan ba a kan takarda kawai take ba, an gwada ta a kan mutum mai rai a nan Ravenbeck, ƙauyenmu mai tumaki dubu huɗu da mutane ɗari biyu da sittin, kuma mutumin yana nan da ransa.

Sunansa Danilo, ɗan ƙasar Filifin, mai gasa burodi da kek a wani ƙaton jirgin ruwa na 'yan yawon shaƙatawa. A jirgin ya haɗu da Gemma Alderson, 'yar ƙauyen nan, suka shirya aure. Ta kawo shi hutun sati uku don iyayenta su gan shi, kuma tun a mota ta gindaya masa sharaɗi.

"Ka ji ni da kyau," in ji ta. "Gidanmu kofi iri biyu ne. Akwai na tangaran masu zanen fure a cikin kabad mai gilashi, na baƙi ne. Akwai kuma waɗanda ke rataye a ƙusa kusa da famfo, duk bakinsu ya ɓantare, su ne namu. Ranar da Mama ta ba ka shayi a mai ɓantararren baki, ranar za mu sa lokacin biki. In sati ukun nan ya ƙare kana sha a mai fure, ka koma jirginka kai kaɗai. Ni ba zan iya auren baƙon Mama ba."

Danilo ya yi dariya. "Kofi kawai?"

"Wanda ya zo kafin kai shekara biyu ya yi yana sha a mai fure. Yanzu yana Kanada."

To, ka ji abin da ke gaban Danilo. Ga yadda ya yi, ga kuma yadda za ka yi.

Mataki na ɗaya: Ka yabi ruwan sama

Da shi za a tare ka, don haka da shi za ka fara. Mutanen nan zagin samansu suke yi safe da yamma, amma kada ka kuskura ka taya su. Uwa ce ke zagin ɗanta, kai kuwa maƙwabci ne, aikinka ka ce yaron kirki ne.

Ruwanmu kashi goma sha ɗaya ne, na zauna na ƙirga su. Akwai wanda ba ya saukowa ma, tsayawa yake a iska yana jira ka zo ka shige shi. Irin wannan ne ya tari Danilo a ƙofar gidan su Gemma, inda mahaifiyarta Maureen take tsaye da lema.

"Ka yi haƙuri da wannan ƙazamin ruwa, Mista Danilo," in ji ta.

"Haba, Misis Alderson! Ai wannan ruwa ne mai ladabi. Namu na gida zuwa yake ya tafi da rufin ɗaki har da kaji. Naku kuwa yana saukowa a hankali kamar mai neman izini."

Maureen ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Madalla," ta wuce ta buɗe kabad mai gilashi.

Ka lura: ya sami madalla tun bai cire takalmi ba. Wasu sai su yi wata guda ba su ji kalmar ba.

Mataki na biyu: Ka bi su tafiyar da ba ta da dalili

Za a ce maka a fita a miƙe ƙafa. Kada ka tambayi ina za a je. Babu inda za a je. Za a hau tudu ne a sauko.

Clive, mahaifin Gemma, tsohon maginin katangar dutse ne, kuma mutum ne da ba ya ɓarnar magana. Shi ya ja Danilo sama, awa uku cikin taɓo, suna haura katanga ta matakalar katako, suna ratsa tumaki da aka shafa wa fenti ja da shuɗi a ɗuwawu. A hanya za ka ga benci-benci, kowanne da sunan mamaci a jikinsa, an rubuta cewa yana son wurin nan. Ka zauna a kansu da girmamawa. Ni na daɗe ina tunanin matattun nan sun fi masu rai wurin zama a ƙasar nan, kuma sun fi su zaɓen wuri mai kyau.

Da suka kai ƙoli, hazo ya rufe komai, ko takalminsu ba sa gani sosai. Clive ya nuna gabansa da sanda.

"Da babu hazo, daga nan za ka hango teku."

Danilo, wanda ya shekara goma sha biyar yana kwana a kan teku, ya dafe ƙirji ya ce, "Hazon ma ya isa kallo."

Haka ake yi. In an nuna maka abin da ba a gani, ka yabi abin da ya rufe shi.

Suna saukowa, ba gaira ba dalili, Clive ya ce, "Ƙwai nawa kake sa wa kek, samari?"

"Huɗu. Amma kada a fasa su da sanyin firji a jikinsu."

"Hmm," in ji Clive. Daga nan bai sake magana ba har gida, inda ya wuce kai tsaye zuwa rumfar katakonsa ta ƙarshen lambu ya rufo ƙofa. Kowane magidanci a nan yana da irin wannan rumfa. Kada ka taɓa tambayar abin da yake yi a ciki. Matarsa ma ba ta tambaya, shi ya sa aurensu yake daɗewa.

Mataki na uku: Ka zaɓi abu ɗaya a faranti ka yabe shi da suna

Kada ka ce abinci ya yi daɗi kawai, wannan kowa ma yana faɗa. Ka duba farantin. Za ka ga nama yanka biyu, dankali, da romo mai ruwan ƙasa wanda ya lulluɓe su kamar bargo. A gefe za ka ga wani abu da a da ganye ne. Shi za ka yaba, don babu wanda ya taɓa yabonsa.

Maureen takan ɗora kabeji a wuta kafin ta tafi coci, ta sauke bayan ta dawo. Lokacin da ya iso faranti ya manta sunansa da launinsa. Danilo ya ɗebo da cokali mai yatsu, kabejin ya zube ta tsakanin yatsun, ya sake ɗebowa da dabara, ya haɗiye, ya lumshe ido.

"Misis Alderson, wannan kabeji! Ban taɓa ganin ganye mai sauƙin kai irinsa ba. Ko tauna ba ya nema."

"Madalla," in ji ta.

Washegari aka yi kabeji. Ranar da ta biyo ma haka. Kwana tara a jere. A rana ta shida Clive ya tare shi a bakin matakala, ya rage murya.

"Shekara talatin ina yaƙi da kabejin nan, samari. Na rage shi zuwa Lahadi kaɗai. Ka zo da bakinka ka tayar da shi."

Kada irin wannan ƙorafi ya karya maka gwiwa. Idan yabonka bai cutar da kowa ba, to bai shiga ba.

Mataki na huɗu: Abin da ka faɗa wa wannan, ka faɗa wa waccan

Ƙarfe huɗu na yamma lokacin shayi ne da kek. Kek ɗin Maureen yana da ƙamshi, amma idan ka kai shi baki sai ya shanye yawunka kaf, ya koma neman na haƙarƙari. Danilo mai sana'a ne, tun daga yankan wuƙa ya gane an bar shi a wuta ya wuce lokaci. Ya kora da shayi daga kofinsa mai fure, ya ce, "Ban taɓa cin irinsa ba."

Ka riƙe wannan jimla. Ba ƙarya ba ce, kuma tana shiga ko'ina.

Sai dai ƙauye ƙarami ne. Hilda Sunter, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta ji labari, ta gayyato shi nata shayin. Ita da Maureen shekara hamsin suna kiran juna ƙawata. A gasar kek ta bikin ƙauye kuwa, shekara goma sha ɗaya Hilda ke zuwa ta ɗaya, shekara goma sha ɗaya Maureen ke zuwa ta biyu. Danilo ya ci na Hilda, dogo, kyakkyawa, da ɗan ɗacin hodar tashi, wadda ke kumbura kek, a ƙarshen harshe. Ya ce, "Ban taɓa cin irinsa ba."

Daga nan gayyata ta ɓalle. Cikin kwana goma ya sha shayi a gida goma sha huɗu, ya yabi kek goma sha huɗu da kare goma sha ɗaya da wata kabewa da mai ita yake lulluɓa wa bargo saboda sanyi. Ko'ina aka buɗe masa kabad mai gilashi. A kanti ana cewa ba a taɓa yin baƙo mai hankali irinsa ba.

Gemma kaɗai ce ba ta murna. Kullum da safe sai ta leƙa tebur, ta ga kofi mai fure a kan ɗan farantinsa, ta ja tsaki.

"Saura kwana biyar, Danilo."

"Ai tana so na! Jiya ma madalla uku ta ce."

"Ni tun da aka haife ni ba ta taɓa ce min madalla ba."

Mataki na biyar: In an ba ka muƙami, karɓa kawai

Idan ka yi matakai huɗun nan daidai, wata rana mutum uku za su zo maka sanye da rigunan ruwa, suna murmushi. 'Yan kwamitin bikin ƙauye ne. Za su ce sun ji kai masani ne, ko za ka taimaka ka zama alƙalin gasar kek ranar Asabar.

Kada ka tambayi abin da ya sami alƙalan baya. Amma tunda ni da kai ne, bari in faɗa maka. Fasto ya yi shekara ɗaya, ya nemi a sauya masa coci. Mai kanti ya yi, mata suka koma sayen madara a wani ƙauye mil shida. Likitan dabbobi ya yi bara, tun daga nan duk ranar bikin sai wata saniya ta kama naƙuda a can nesa.

Danilo bai san wannan ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ruga ya faɗa wa Gemma.

"Ka ce musu me?"

"Na ce to. Ai girmamawa ce."

Gemma ta zauna a kan matakala ta riƙe kai. "Wayyo ni. Ba girmamawa ba ce, sakarai na. Duk ƙauyen nan kai kaɗai ne mai tikitin guduwa ranar Litinin."

Danilo ya ce, "To ai da sauƙi. Sai in ba Mama na ɗaya, ta ba ni kofin."

"Gwada mu gani," in ji Gemma.

Mataki na shida: Ka tauna a hankali, ana kallonka

Ranar Asabar aka kafa babbar rumfar tamfol a filin bayan coci, ruwa yana sauka, irin na bakwai a lissafina, mai zuwa ta gefe. A waje ana gasar karen da ya fi kaɗa wutsiya. A ciki kek bakwai ne jere a kan tebur, kowanne da lamba, sunayen masu su a rufe cikin ambulan don kada alƙali ya sani. Haka al'ada take, ko da yake duk ƙauyen ya san farantin kowa. Lamba biyu a kan farin leshi, na Hilda ne. Lamba biyar a faranti mai shuɗin baki, na Maureen. Lamba bakwai kuwa ya karkace gefe guda kamar hular mashayi, a kan murfin gwangwani, ba wanda ya san mai shi.

Mutum sittin suka zagaye tebur suna yin kamar ba kallo suke ba. Danilo ya bi lamba ɗaya zuwa huɗu yana gyaɗa kai. Ya iso lamba biyar da murmushinsa a shirye. Ya yanko babba don a ga ƙauna, ya kai baki.

A nan ya gane kuskurensa. A gida da shayi yake kora shi. A teburin alƙali babu shayi.

Kek ya sauka rabin hanya ya tsaya. Danilo ya haɗiye, bai motsa ba. Ya sake haɗiyewa, idanunsa suka kawo ruwa. Sai tari ya ƙwace masa, irin tarin da ba ya jin lallashi, garin kek ya yi feshi har kan leshin Hilda. Ya dafe tebur yana miƙa hannu, murya a shaƙe: "Ruwa!"

Rumfa ta yi tsit. Mutum sittin suka ɗaga kai suna nazarin rufin tamfol. Can wani dattijo ya ce, "Da alama dai za a ɗauke ruwan an jima." Kowa ya yarda da sauri.

Da aka kawo ruwa ya farfaɗo, Danilo ya dubi Maureen. Tana tsaye ƙyam, jaka a hannu, fuskarta ba ta ce komai ba. Ya san kofi ya tafi, Gemma ma ta tafi. To wanda ya riga ya rasa komai, me zai yi da sauran ƙarya? Ya wuce lamba shida, ya yanki lamba bakwai mai karkatacciyar hula. Ya tauna. Ya tsaya. Ya sake yankowa, wannan karon ba don aiki ba. Laushi, danshi, man shanu daidai, sukari daidai.

Ya ɗauki alƙalami, hannunsa na mai sana'a ya rubuta a katin kowane kek abin da bakinsa ya yi sati uku yana ɓoyewa. Lamba bakwai, na ɗaya. Lamba biyar, na biyu: ɗanɗano mai kyau, amma ya bushe, a sauke shi minti goma kafin haka. Lamba biyu, na uku: kyau a ido, a rage hodar tashi.

Shugabar kwamiti ta yage ambulan na bakwai, ta gyara tabarau, ta sake gyarawa.

"Clive Alderson."

Duk aka juya. Clive yana can baya yana kallon takalminsa. Ya ɗan yi gyaran murya ya ce, "Ƙwai huɗu." Ashe tsohuwar tanda ce a rumfar katako.

Hilda ta matso kusa da Maureen da murmushi har kunne. "Barka, ƙawata. Ashe dai gidanku akwai wanda ya iya kek."

"Na gode, ƙawata," in ji Maureen. "Na uku ma ai matsayi ne. Za ki saba."

Sannan ta ɗauki katinta ta karanta, ta ninke shi biyu, ta jefa a jaka. Danilo ya matso zai ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai." Idan mace a ƙasar nan ta ce maka ba komai, ka je ka haɗa kayanka.

Mataki na bakwai: Ka haɗa kayanka, amma ka biya ta kicin

Da safe Danilo ya sauko da jakarsa. Clive yana bayan jarida. A tebur babu kofi mai fure, babu kowane kofi. Maureen tana bakin famfo ta ba shi baya.

"Ya bushe, ko?"

"Misis Alderson, ni dai..."

"Rufe min baki. Sati uku kana zaune a gidana kana cin kek ɗina kana yi min ƙarya da kofina mai kyau a hannunka. Shekara goma sha biyu ina zuwa ta biyu, duk ƙauyen nan an rasa mai bakin da zai ce min minti goma. Minti goma kacal! Sai kai, shashasha, kuma sai a gaban Hilda." Ta juyo da tsumma a hannu. "Kabejin fa? Faɗi gaskiya."

Danilo ya dubi jakarsa, ya dubi ƙofa. "Ba ya ciwuwa."

"Ni ma na tsane shi. Don kai nake ta dafawa."

Jarida ta yi wata 'yar girgiza.

"Kai kuma munafuki, zan zo kanka," in ji ta ga jaridar. Sannan ta miƙa hannu ta zaro wani kofi daga ƙusa, mai hoton tarakta da ya koɗe, bakinsa a ɓantare wuri biyu, ta dangwarar da shi a gaban Danilo har cokula suka yi tsalle. "Ga buta can, ga ganyen shayi, kana da hannu. In ka gama ka wanke kwanukan nan, sannan ka zo ka nuna min minti goman naka. Kuma ka ɗauke min jakar nan daga hanya kafin in karye."

A kan matakala Gemma ta toshe baki da hannu tana hawaye.

Danilo ya zuba shayinsa da kansa, ya yi ƙarfi da yawa, ya sha a haka, ɓantaren yana gogar leɓensa. Ya leƙa taga, ruwa yana ta abin da ya saba. Daɗi ya kwashe shi.

"Wai wannan ƙazamin ruwan naku ba ya gajiya ne, Mama?"

"Kai, kiyaye bakinka, yaro," in ji Maureen. "Sai bayan biki za ka fara zagin ruwanmu."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk abin da ya same ka. Idan ka shaƙe, maƙogwaronka ne. Idan aka yi maka kabeji kwana tara, bakinka ne ya jawo. Idan maƙwabciya ta daina gaishe ka, kamar yadda Hilda ta daina gaida Danilo har yau sai dai ta gaida karensu, ku je ku sasanta can. Idan kuma ka bi matakan nan duka kek bai tsaya maka a wuya ba, to babu abin da zan iya yi maka, don wannan ɓangaren ba a koyar da shi. Kada ka zo min gida da ƙorafi. Ni ma shekara talatin da takwas ke nan ina yabon ruwan ƙauyen nan, ban taɓa yin tari a gaban kowa ba, kuma jiya da na leƙa gidan Maureen, kabad mai gilashi ta buɗe min.